Mai Zanen Gargajiya da Sunansa: Daga Gaɓar Tafkin Kainji da Bangayen Zazzau zuwa Haiti

Abin da wannan lacca take nufi da zanen gargajiya shi ne duk wani ado na layi da launi wanda mutum ya koya a hannun mahaifinsa ko maigidansa ko malaminsa, ba a ajin makarantar boko ba, kuma yake yin sa a jikin abubuwan da jama'a suke ta'ammali da su kullum, kamar bangon zaure da ƙwarya da allo da babbar riga da jikin motar ɗaukar kaya. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su taɓa rasa gwanaye a wannan fanni ba, sai dai akwai wani rashi da ya daɗe yana bin su, wato rabuwar aiki da sunan wanda ya yi shi. Ana tuna attajirin da ya sa aka ƙawata masa ƙofar gida, ana tuna mahaddacin da aka yi wa allon sauka, amma hannun da ya ja layin yakan ɓace tun kafin bangon ya zube ko allon ya dushe. Ƙasar Haiti, wadda take can tsibiran Karebiyan, ta shigo cikin wannan magana ne domin talakawanta masu zane sun fita daga irin wannan duhu a cikin shekaru kaɗan, kuma a hanyar da suka bi akwai abin koyi kamar yadda akwai abin gudu.

Masu zane mafi daɗewa da aka san aikinsu a yankin Yauri da Ngaski da Shanga su ne waɗanda babu wanda zai ƙara jin sunansu. Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Kainji, tsakanin 1964 da 1968, masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun yi gaggawar haƙa wasu kufai kafin ruwa ya rufe su, ciki har da tsohuwar Wara da tsohuwar Busa, kuma a wani tudu kusa da Yelwa an tono ƙananan siffofi na yumɓu da aka gasa, tare da tukwane masu ado, waɗanda awon masana ya nuna an yi su a cikin shekaru 700 na farko na Miladiyya. Ke nan tun kafin a kafa Birnin Yauri akwai mutane a bakin Kogin Kwara da suke ɗaukar laka su ba ta siffa, su yi mata zane da tsinke ko igiya, kuma suna yin haka da ƙwarewar da ba ta samuwa sai a inda sana'a ta yi zurfi, ana gadonta daga hannu zuwa hannu.

Tafkin da ya cika a 1968 ya tashi mutane fiye da 40,000 daga tsibirai da ƙauyukan bakin kogi, Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Busawa da Hausawa masunta, aka mayar da su sababbin matsugunai da aka gina da bulo na siminti da rufin kwano irin na asbestos. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan abin da wannan ƙaura ta yi wa noman albasa da kamun kifi da lafiyar jama'a, amma ba a cika kula da abin da ta yi wa hannun magini ba. Bangon ƙasa yana karɓar ado tun yana ɗanye, domin magini yana iya tayar da zane a jikinsa da yatsu, ko ya karce shi da wuƙa, matan gida kuma su bi shi da farar ƙasa da jar ƙasa, sannan duk bayan damina ɗaya ko biyu sai an sake yaɓe, wanda hakan yake ba yaro damar tsayawa kusa da babba yana gani yana koyo. Bulon siminti ba ya neman wannan hidima, kuma wanda ya tsara gidan ba ɗan garin ba ne. Saboda haka a rana ɗaya iyalai da yawa suka wayi gari a cikin ɗakunan da hannunsu bai taɓa ba, ya rage rumbu ne kawai da ƴan ɗakunan da suka ƙara da kansu a gefe suke ɗauke da sauran tsohon salo.

Domin a fahimci girman abin da ake magana a kai, ya kamata a dubi wurin da wannan sana'a ta kai ƙololuwa, wato biranen Zariya da Kano da Katsina da Damagaram. Magini a can yana gina bango da tubali, curin ƙasa da aka busar a rana, ya yi rufi da azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, ya ɗaure bakan gizo ko ɗaurin guga domin rufin babban ɗaki ya tsaya ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, ya kuma tsayar da zankaye a kusurwoyin soro. Bayan haka sai aikin kariya da ado ya biyo. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa, tana hana ruwa cin bango, tana kuma ba shi launi mai duhu. Laso kuwa haɗi ne na katsi, wato dattin da yake kwantawa a gindin karofi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara, kuma idan ya bushe yakan yi tauri kusan kamar siminti. A kan wannan shafe ne ake fitar da dagi, ƙullin nan mai sarƙaƙiya da ya zama tambarin Arewa, da takobi da allo da sauran siffofi na layi da da'ira. Kasancewar malamai suna ƙyamar suranta abu mai rai ya sa basirar magini ta karkata ga lissafin layi da daidaiton ɓangarori, kuma a nan ne ya yi zarra. Tun daga wajen shekarun 1930 zuwa na 1960, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga da fatauci suka shiga hannun ƴan kasuwa, fuskokin gidajen Zariya suka cika da ado, har keke da mota da agogo da jirgin sama suka hau bango, domin maigida yana son mai wucewa ya karanta arzikinsa da wayewarsa tun daga ƙofa. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya shafe shekaru yana nazarin gidajen birnin, ya fitar da littafi guda a kan wannan ado a 2007, kuma da yawa daga bangayen da ya ɗauki hotonsu babu su a yau.

A duk tsawon wannan tarihi sunayen da suka tsira ba su da yawa. Na farko shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma sunansa ya rayu ne saboda ya yi wa sarakuna aiki, aka ba shi muƙami, zuriyarsa suka ci gaba da riƙe sarautar magina. Na biyu shi ne Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, manomi kuma magini, wanda ya gina wa garinsu masallaci a 1962, ya ci gaba da gyara shi da ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da irin siffarta, har zuwa 1982, aikin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 1986. Akwai kuma Musa Yola, mai zanen bango da fenti a ƙasar Zazzau, wanda aka san shi domin David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya bi aikinsa ya rubuta shi. A kowane ɗaya daga cikin ukun sai da wani mai iko ko mai alƙalami ya tsaya a bayan gwani kafin sunansa ya wuce garinsu.

Zayyana ta fi kowane reshe na zanen gargajiya kusa da abin da duniya take kira zane. Idan almajiri ya sauke Alƙur'ani akan nemi mai zayyana ya ƙawata masa sabon allo, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, a kewaye su da gidaje na murabba'i da da'ira da layuka masu shiga juna, da tawada baƙa wadda ake haɗawa da ƙaro domin ta kama, da ja da rawaya da kore, sannan a ɗauki allon a kai wa dangi da manyan gari su gani su sa albarka. Mai zayyana yakan zama gardi ko alaramma da ya koyi riƙon alƙalami a tsangaya, ba ya amfani da ma'auni sai ido da zare da ɗan tsinke, amma yakan raba fuskar allo daidai wa daida har mai kallo ya kasa gane inda layi ya fara. Duk da haka ba al'ada ba ce ya sa sunansa, kuma wannan kunya tana da tushe mai daraja, domin aikin da aka yi wa Littafin Allah ba a son a gauraya shi da neman suna. Abin da ya kamata a lura da shi kawai shi ne cewa tawali'un mai aiki bai ɗauke wa jama'arsa nauyin tunawa da shi ba.

Sauran rassan ana iya ratsa su a taƙaice. Zanen ƙwarya, wanda ake yi da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, ya ja baya tun da kwanon sha da roba suka karɓe jeren amarya, ko da yake matan Fulani masu tallan nono suna riƙe da shi. Adon faifai da tabarma da lalle aikin mata ne, kuma su ne suka fi kowa rashin suna. Wanda ya fi samun kasuwa a yau shi ne mai fentin mota, wanda yake cika bayan gingimari da zaki da dawisu da mikiya da dabino da kirari, irin motocin da suke lodin albasa da busasshen kifi daga kasuwannin Yauri da Wara zuwa kudu.

Rayuwar irin wannan gwani tana tafiya ne da kalandar noma. Da damina manomi ne kamar kowa, sai an kawar da amfanin gona, iska ta bushe, sannan masu gini da masu aure da masu walimar sauka su fara nemansa. Ba shi da shago, ba shi da farashi tsayayye, ladansa ya danganta da hannun wanda ya kira shi, wani lokaci kuɗi, wani lokaci damin hatsi ko riga, kuma ba ya iya yin aiki ya ajiye ya jira mai saye, domin bangon na wani ne, allon na wani ne, motar ma ta wani ce. Wannan shi ne tushen rauninsa. Idan ƙarfinsa ya ƙare ba shi da wata dukiya da ya tara daga basirarsa, ɗansa kuma, wanda ya ga yadda mahaifinsa ya tsufa, yakan zaɓi acaɓa ko aikin birkila, kuma ba wanda zai zarge shi.

Haiti ƙasa ce ta jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, waɗanda suka yi tawaye ga Faransa suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairu, 1804, kuma a cikin takardun gonakin rake na zamanin bauta ana samun Hausawa da Nufawa a jerin ƙabilun da aka lissafa, tare da Yarbawa da Ibo da mutanen Dahomey da Kwango. Talakawan ƙasar sun daɗe suna zane a bangon wuraren ibadarsu da ƙofofin shaguna da ganguna da motocin haya da suke kira taptap. A addininsu na gargajiya, Budu, wanda yake da kama da bori ta fuskar hawan iskoki, jagoran ibada yakan zana alamar kowane iska a ƙasa da garin masara, zanen da ƙafafun masu rawa suke shafewa kafin gari ya waye. Har zuwa shekarun 1940 matsayin mai zane a can bai bambanta da na takwaransa na bakin Kwara ba.

Sauyi ya zo a 1944, lokacin da wani Ba'amurke malamin Turanci kuma mai zane, DeWitt Peters, tare da wasu ƴan boko na ƙasar, suka buɗe wata cibiyar fasaha a Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Abin da cibiyar ta yi ba shi da wuyar faɗi: ta ba mutane fenti da buroshi da allon zane da ake iya ɗauka, ta rataye aikinsu a ɗaki da sunan kowa a ƙasa, ta nemo masu saye. Hector Hyppolite, wanda aka haifa a 1894, jagoran Budu ne da ya yi aikin gyaran takalma da fentin gidaje, yana zane da gashin kaza da ragowar fentin gida, kuma an gano shi ne ta dalilin furanni da tsuntsayen da ya zana a ƙofofin wani shagon shaye-shaye a ƙauyen Montrouis. Ya koma babban birni a 1945, a ƙarshen shekarar marubucin Faransa André Breton ya ga aikinsa ya saya, a 1947 aka nuna zanensa a baje kolin UNESCO a birnin Faris, ya mutu a 1948 ya bar zane fiye da 200 da ya yi a cikin shekaru uku kacal. Philomé Obin na garin Cap-Haïtien, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1986, ya yi wanzanci da sayen kofi kafin a san shi, kuma shi tarihin ƙasarsa ya riƙa zanawa da natsuwa, har da kisan Charlemagne Péralte, jagoran masu turjiya da sojojin Amurka suka kashe a 1919 lokacin mamayar da ta ɗauki daga 1915 zuwa 1934. Obin ya koyar da ƙanensa da ƴaƴansa da maƙwabta har salonsa ya zama makaranta da ake kira da sunan garinsu. Rigaud Benoit direban tasi ne, Castera Bazile kuma yaron gida ne a wurin Peters, kuma su ne tare da Obin da Wilson Bigaud da wasu suka cika bangayen babbar majami'ar Holy Trinity da zane a 1950 da 1951, inda suka ba mutanen labaran Linjila baƙar fata da tufafin ƙauyen Haiti.

Sai dai wannan nasara ta zo da tsadarta. Masu saye baƙi ne, kuma abin da suke so shi ne zanen da suka laƙaba wa sunan na marasa koyo, wato wanda babu alamar makaranta a cikinsa, don haka mai zanen da ya so ya faɗaɗa iliminsa sai ya ga kasuwa tana ja da baya. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu masu zane suka ɓalle daga cibiyar a 1950 suka kafa tasu ƙungiya. Da masu yawon buɗe ido suka yawaita, sai aka shiga maimaita hoton kasuwa da daji iri ɗaya dubbai ana jerawa a bakin titi. Najeriya ma ta ɗanɗana irin wannan a Oshogbo, inda kulob ɗin Mbari Mbayo da aka buɗe a 1962 da horon da Georgina Beier ta bayar a 1964 suka fito da Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh, waɗanda su ma yawancin masu sayen aikinsu daga waje suke. Ladi Kwali, maginiyar tukwane Bagwariya da hotonta yake jikin takardar naira 20, ta fi su sa'a ta wannan fuska, domin ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, tana da cikakkiyar gwaninta da ta gada, kuma sarakunan yankin sun riga sun san tukwanenta suna ajiye su. Hukuncin da za a iya yankewa shi ne cewa kasuwar waje tana iya ɗaga mutum ɗaya ko goma, amma sana'ar da mutanen gida suka daina saye ba ta daɗewa da ranta.

Duk da wannan aibi, amfanin rubuta suna ya bayyana ranar 12 ga Janairu, 2010, lokacin da girgizar ƙasa ta rushe Port-au-Prince. Ginin cibiyar fasaha ya faɗi, majami'ar Holy Trinity ta zube, daga cikin manyan zane-zane 14 na bangonta uku kawai suka rage, aka ɓamɓare su a hankali aka adana. Amma saboda an san wanda ya yi kowanne, an ɗauki hotonsu, an rubuta shekararsu, ɗan Haiti na yau yana iya buɗe littafi ya ga abin da Bigaud ya zana a bangon da babu shi. Ruwan Kainji bai zo ba zato kamar girgizar ƙasa ba, an san ranar zuwansa shekaru kafin ya iso, amma dattijon da aka haifa a tsibirin Foge ba shi da littafin da zai nuna wa jikansa adon rumbun mahaifiyarsa, balle sunan wadda ta yi shi.

Ƙasar Ngaski ba baƙuwa ba ce ga aikin ceto tarihi, domin ɗanta ne Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya yi nazarin tarihin Yauri na ƙarni na 19, ya kuma fitar da littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, yana bin sawun fatake da malamai da masu sana'a har Gwanja da gaɓar teku, kuma wani kaso mai yawa na abin da ya tattara daga bakin dattawa ya ji shi. Waɗanda suke da shekara 15 lokacin da aka tashi tsibirai sun haura 70 a yau, kuma suna cikin na ƙarshe da suka ga tsofaffin garuruwan da idonsu. Aikin da yake gaban masarautar Yauri da hakimai da malaman makarantu da ɗaliban jami'o'in Birnin Kebbi da Sakkwato bai fi ƙarfin wayar hannu da littafin rubutu ba: a je wurin mai zayyana da mai zanen ƙwarya da maginin rumbu da masassaƙin jirgi da mai fentin mota, a ɗauki hoton aikinsu da izininsu, a rubuta sunan kowa da garinsa da wanda ya koya masa da sunayen da yake kiran zanensa da su a harshensa, ko Hausa ne ko Kambarci ko Gunganci, a ajiye kwafi a fada da makarantu da gidan tarihi na Kanta da yake Argungu. A bikin Rigata, inda jama'a suke taruwa kallon tseren jirage, a ware rumfa da za a jera wannan aiki da sunan mai shi da farashinsa. Masu hali kuma da suke gina sababbin gidaje a Wara da Ngaski da Yelwa su bar fuskar zaure ɗaya ga magini na gida, su biya shi ladan gwani, su kuma roƙe shi ya sa sunansa da shekara a gefen ƙofa.